Abin da Ke Cikin Barakatu

Haladu ya ajiye 'yar kwalbar a gefen turmi, ya ja da baya ya tsuguna, ya tsura wa ƙasa ido kamar wanda aka kawo gaban alƙali. Kwalba ce ƙarama mai faɗin baki, da wani ɗan tsinke mai kama da cokali maƙale a murfinta. Barakatu ta dube ta sau ɗaya, ta ci gaba da aikinta. Ta riga ta gama kirɓi, tana gutsuro dawo tana curawa a tafin hannu tana jefawa cikin ƙwaryar gari. Kashegari Juma'a ce, ranar kasuwar Wudil, kuma duk wanda ya taɓa kai saniya kara ya san furar Barakatu mai citta da kanumfari.

"Fura zan zuba maka a wannan?" ta ce. "Ai ko ɗan tsako ba zai ƙoshi ba."

"Ba fura ba ce, Gwaggo."

"To mene ne?"

Haladu ya sosa ƙeya. Ɗan ƙanenta ne, a hannunta ya tashi tun rasuwar uwarsa. Yanzu shi ne malamin asibitin sha-ka-tafi na garin, mai farar riga, wanda har dattawa ke ce wa Malam, amma a gabanta harshensa ya yi nauyi. Sai ya ɗauko zancen daga nesa. Ya ce ai ta san zazzaɓin nan da ya shigo gari tun farkon damina, wanda ba ya sauka ya dawo irin na sauro, sai dai kullum ya ɗara na jiya har mutum ya fara sambatu. Ta ce ta sani mana, ba ga shi nan a ɗakinta ba? Su duka suka juya suka dubi asabarin ɗakin da Auta take kwance. Saudatu ne sunanta, 'yar Barakatu ta ƙarshe, mai aure a Darki. Ta zo gida goyon ciki, ta sauka lafiya ta sami ɗa namiji, an yi suna an watse, sai ciwon ya kayar da ita.

Haladu ya ce likitan da ya zo daga Kano ya bi marasa lafiya gida gida yana tambayar abin da suka ci da inda suke shan ruwa. Wasu sun ce kogi, wasu rijiya, wasu sun ambaci nonon Yelwa, Bafillatanar da ke zama kusa da ita a kasuwa. Amma da yawansu sun ambaci furarta.

"Rabin Wudil ke shan furata," in ji Barakatu. "Wanda bai kwanta ba ma, in ka tambaye shi, ita zai ce maka."

"Haka ne, Gwaggo. Shi ya sa ba ke kaɗai ba ce. Duk masu abincin layinku an kai musu irin wannan kwalba. So ake a auna a ga ko ƙwayar ciwon tana cikin wani."

"A cikin mai lafiya?"

"I."

"To me zan zuba?"

Kaza ta zo ta tsattsagi garin da ya zube ta wuce. Sannan ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Abin da mutum yake bari in ya zaga."

Barakatu ta ajiye curin da ke hannunta, ta daɗe tana kallonsa.

"Haladu, ni na riƙa wanke maka naka har ka yi wayo. Ban taɓa cewa ka zuba mini a kwalba in kai Kano ba."

Bai ɗago ba. Ya ce in aka gane inda ciwon yake fitowa za a tare shi, kuma an riga an ɗauki na Auta, har an aiko mata da wani sabon magani, kafso, wanda za a riƙa ba ta safe da yamma. Ta sallame shi, ta ce aiki ne a gabanta. Amma da la'asar ta shiga wurin Auta ta tarar leɓunanta sun bushe sun tsattsage, tana kiran mahaifinta wanda ya daɗe a ƙasa. Da ta fito, sai ta ɗauki kwalbar ta zaga bayan ɗaki. Ta naɗe ta a tsumma, ta sake naɗewa da wani, ta ajiye masa a zaure don kada su haɗa ido.

Amsar farko da ta zo daga Kano mai daɗi ce. Haladu ya shigo da fara'a ya ce ba a ga komai ba. Barakatu ta yi hamdala, ta ce dama ita ta san cikinta. Juma'ar da ta biyo ta yi fura fiye da ta kullum, ta gaya wa duk wanda ya tsaya cewa Turawa sun auna ta sun ce kalau take. Yelwa ma an ce mata haka. Suka yi ta dariyar kwalbar, kowacce na rufe baki da gyale.

Ba a jima ba Haladu ya dawo da wata kwalbar. Ya ce ƙa'ida ce, ba a tsayawa a awo ɗaya. Ta yi mita, ta bayar. Ranar da amsa ta biyu ta zo, bai shigo shi kaɗai ba. Duba-gari ne a bayansa, ya tsaya a zaure yana cewa daga yau an hana Barakatu sayar da abinci har sai abin da hali ya yi.

"An gani, Gwaggo," in ji Haladu.

"An ga me?"

"Ƙwayar ciwon. Irin ta jikin Auta."

"Ba kai ka ce ba a ga komai ba?"

"Wancan karon ba a gani ba."

"To cikin nawa ne aka canja, ko idon mai dubawar?"

Haladu ya ce shi kansa iyakar abin da aka koya masa ke nan, ya ɗauka ya aika, a aiko masa da amsa. Barakatu ta shafa cikinta. Ba ciwo, ba murɗa, ba zafi. Rabonta da kwanciya tun Auta tana goye. Ta ce ba za ta yarda da abin da ba ta gani ba, in da gaske akwai wani abu a cikinta, a kai ta ta gan shi da idonta. Haladu ya so ya hana ta, ya ga ba hali. Ya bar matarsa Huseina wurin Auta da jariri, suka hau motar da ke tashi da sassafe daga bakin gada.

Ɗakin awon yana can bayan asibitin Kano, yana wani irin wari kamar na romon da ya kwana. Mai aikin wurin, Malam Ƙasimu, dattijo ne mai furfura a gemu, wanda ya koyi aikin tun yana soja a lokacin yaƙi. Ya gaishe ta da kyau, ya tambayi hanya da mai jiki, ya ba ta kujera. Da Haladu ya faɗi abin da ya kawo su, bai yi mamaki ba. Ya buɗe wani akwati, ya ce mata a kullum cikinsa da ɗumi yake kamar cikin mutum, ya ɗauko wani ɗan faranti na gilashi mai murfi. A ciki akwai wani abu ja-ja kamar daskararren romo, samansa duk ɗigo-ɗigo kamar an watsa gero.

"Iya, wannan daga kwalbarki muka shuka shi. Ƙwayoyin ba sa ganuwa ɗai-ɗai, sai mun ba su abinci sun hayayyafa. Kowane ɗigo da kike gani, gari guda ne."

Barakatu ta sunkuya. Ɗigon sun fi ƙarfin ƙirga.

"Duk wannan ciwo ne a cikina?"

"A'a. Kin ga jajayen nan masu yawa? Waɗannan kowa yana da su. Ina da su, Malam Haladu yana da su, likita Bature ma yana da su. Da su ake haihuwarmu kusan, da su muke mutuwa. 'Yan gida ne."

"Suna me a ciki?"

"Zaman lafiya, galibi. Akwai zaƙin madara a abincin da muka zuba musu, su suna cinsa, shi ya sa suka yi ja. Dubi nan gefe kuma." Ya nuna wasu 'yan ɗigo marasa launi, kamar raɓa. "Waɗannan ba sa ci. Su muke nema."

"To su ne mugayen."

"Ba duka ba. A cikin fararen ma akwai waɗanda ba ruwansu."

Ta dubi Haladu, ta ga shi ma ya yamutsa goshi. Malam Ƙasimu ya jawo wani katako mai jerin siraran kwalabe, ya ce kowacce da irin zaƙin da aka narka a ciki. Ana ɗaukar farin ɗigo a raba musu, a ga wanda zai ci da wanda zai ƙi, da ko zai yi iska in ya ci. Na zazzaɓin hanji yana da nasa hali, akwai abin da yake ci, akwai wanda ba ya taɓawa, kuma ba ya yin iska. In hali ya zo daidai, sai a ɗiga masa wani ruwa da aka aiko daga waje. In shi ne, nan take zai tsinke ya yi gudaji kamar nonon da ya lalace.

"Naki ya tsinke, Iya."

"Ni dai a nuna mini fuskarsa."

Ya gyara madubin likita, ya koya mata yadda za ta rufe ido ɗaya. Da farko gashin idonta kawai take gani. Can sai haske ya buɗe, ta ga wasu 'yan sanduna jajaye birjik, gajeru kamar tsakin shinkafa. Ya ce wannan shi ne mai ciwon. Ya zare gilashin ya sa wani, ya ce wannan kuma ɗan gida ne. Ta duba, ta ɗago, ta sake dubawa.

"Malam, ai ba ka canja ba."

"Na canja."

"Iri ɗaya ne."

"A ido iri ɗaya ne. Ni ma da na shekara da shekaru a nan ba zan bambance su da kallo ba."

Barakatu ta koma kan kujera a hankali. Ta zo ne ta ga abu mai ƙaho ko mai baƙar fuska, wanda za ta nuna ta ce ga shi, ko ta ce ƙarya ne babu. Ta tambaye shi me ya sa ba a gan shi a karon farko ba. Ya ce a matsarmama yake zama, wata rana ya sauko, wata rana ya ƙi.

"Ashe wanda aka ce ba shi da shi ma yana iya kasancewa da shi."

"Yana iya yiwuwa."

"Har Yelwa?"

"Har ita. Ruwan kogin ma da muka auna ba shi da tsabta."

"To ni ce na sa wa mutane, ko ba ni ba ce?"

Malam Ƙasimu ya shafa gemu. Ya tambaye ta ko ta taɓa yin dogon zazzaɓi. Ta ce ta yi, tun Auta tana goye, har gashinta ya zube aka fid da rai, sannan ta tashi. Ya ce to wataƙila tun daga lokacin ne, ciwon ya tafi, ƙwayar ta zauna. Ta yi lissafin shekarun a ranta, ta tuna bakunan da suka ci daga hannunta tun daga wancan lokaci, ta kasa kai wa ƙarshe.

"Maigidana, Malam Isyaku, zazzaɓi ne ajalinsa. Ya daɗe yana sambatu, irin na Auta."

"Allah ya jiƙansa. Wannan ba wanda zai iya ce miki i ko a'a, Iya."

"Ita Autar fa? Ni na sa mata, ko ita ta sa mini da nake jinyarta?"

"Zatona ya fi ƙarfi a kan ke ce. Amma in aka ce in rantse, ba zan rantse ba."

Ta ce to a ba ta magani. Ya ce kafson da ake ba Auta yana tayar da mai ciwo, amma ba ya cika korar wanda ya yi zaune a matsarmama, kuma ita ai ba ciwo take ba. Akwai waɗanda ake yi wa aiki a cire matsarmamar, amma wannan magana ce ta likita, ba yanzu ba. Abin da za ta yi shi ne ta riƙa wanke hannu da sabulu da ruwan zafi duk sanda ta zaga, kada ta sa hannu a abin da wani zai ci ko zai sha, musamman mai jego da jariri, kuma ta ci gaba da aiko da kwalba.

"Ke nan ina da ciwo."

"A'a, lafiyarki ƙalau."

"To ba ni da shi."

"Yana jikinki."

Da mota ta kusa gida suka hango kogi, ya kawo ya yi ja, masunta na tura kwalekwale a gefen gada.

Labari ya riga su isa gida. An ce an kai Barakatu Kano, Turawa sun haska cikinta sun ga wani abu. Kafin kwana ya zagayo an ƙara da cewa za a yanka ta a ciro shi. Haladu ya ji zafin maganar, sai ya tsaya a majalisar ƙofar masallaci bayan la'asar don ya gyara. Shi da kansa ya zo ya ba ta labari daga baya, yana ta cizon yatsa. Ya ce musu abin yana cikinta ne kawai, ba ya yi mata komai, ita kanta ba ta san da shi ba, sai wanda ya ci daga hannunta ne yake kamawa. Can wani tsoho ya gyara zama ya ce, "To Malam, ai mu ma abin da muke faɗa ke nan."

Ba wanda ya furta kalmar a gabanta, amma ta gan ta a ko'ina. Maƙwabciyar da ke aiko a sam mata wuta ta daina. In ta fito ƙofar gida, mata na janye 'ya'yansu cikin zaure. Yelwa ta sauya wurin zama a kasuwa. Tun Barakatu tana yarinya take jin cewa maye ƙanƙara gare shi a ciki, yana yawo lafiya lau mutane na zubewa a kewayensa, kuma akwai wanda a nono ya sha, bai ma san yana da ita ba. Da can in aka ce mata mayya, da ta tara wa mutum jama'a. Yanzu in ta buɗe baki za ta ce ƙarya ne, sai farantin nan ya faɗo mata a rai. Ta gani da idonta, akwai abu. Ta yi ta juya maganar Malam Ƙasimu da ta tsohon masallaci tana neman inda suka rabu, kamar yadda ta nemi bambancin 'yan sandunan nan biyu, ba ta samu ba.

Huseina ta karɓi girki da wankan jariri. Barakatu ta ware ƙwaryarta da ludayinta, ta koma zama a bakin ƙofar ɗakin Auta, tana kallo ana ɗaga kan 'yarta ana ba ta kunu, ba irin kaurin da take so ba. Hannuwanta har sun yi fari sun fara saɓa saboda sabulu.

Ana cikin haka Hansai, uwar mijin Auta, ta iso daga Darki da hantsi, da wasu mata biyu. Mace ce mai natsuwa, ba ta taɓa yi wa Barakatu kallon banza ba. Suka gaisa gaisuwar surukai, doguwa, kowacce kanta a ƙasa. Hansai ta shiga ta ga Auta, ta fito idonta ya kawo ruwa.

"Ba faɗa ya kawo mu ba," ta ce. "Mun san ba da nufi ba ne, in ma akwai wani abu. Alfarma muka zo nema. Ku tsallaka ta."

Huseina ta saki muciya. Barakatu ta san abin da ake nufi. Wadda ake zargi da kama kurwar mutum ita ake sa wa ta tsallaka shi don ta sake shi. In ta yi, ta amsa sunan ke nan a gaban shaidu, har jikokinta za a riƙa nunawa da baki. In ta ƙi kuma Auta ta cika, za a ce ta ga 'yarta tana mutuwa ta hana ta ƙafa ɗaya.

"Gwaggo, bari a kira Malam," in ji Huseina.

"Bar shi. Shi ma iyakar abin da aka gaya masa ya sani."

Ta miƙe ta shiga ɗakin. Auta tana kwance a tabarma, ta rame har ƙasusuwan wuyanta sun fito, idonta a buɗe amma ba ya kan kowa. Barakatu ta yi bisimilla, ta tattare zanenta, ta ɗaga ƙafa ta tsallaka ta, ta dawo, ta sake. Ba ta ji wani abu ya fita daga jikinta ba, ba ta kuma ji wani abu ya shiga ba. A ranta cewa take, in akwai abin da na riƙe, ya Allah, na saki.

Ɗaya daga cikin matan ta miƙo ƙoƙo da ruwa. Hansai ta ce saura ɗaya, ta kurkure baki ta mayar a ƙoƙon a ba yarinyar ta sha, shi ne cikon.

Barakatu ta dubi ƙoƙon, ta mayar da hannuwanta baya.

"Wannan kam ba zan yi ba."

"Kun yi mai wuyar, sai wannan?"

"An ce kada abin da ya taɓa ni ya shiga bakinta."

"Wa ya ce?"

"Mutumin da ya ga abin."

"To in kun yarda da nasa, me ya sa kuka tsallaka? In kuma kun yarda da namu, me ya sa za ku bar shi rabi?"

"Ban sani ba," in ji Barakatu. "Wallahi ban sani ba. Tsallakawa dai na san ba za ta cuce ta ba. Wannan kuwa ban sani ba."

Suka yi ta roƙo, ta ƙi. Matan suka tafi suna cewa ta saki rabi ta riƙe rabi. Haladu da ya ji, ya zo ransa a ɓace, ya ce ta ba mutane abin faɗa har abada. Ta ce masa ta ji.

A cikin makon nan zazzaɓin Auta ya karye. Ta yi gumi ta jiƙe tabarma, ta farka ta ce yunwa take ji, ta tambayi ina ɗanta. Haladu ya ce kafso ne ya yi aiki, dama lokacinsa ke nan. Mutanen gari suka ce ai ga shi nan, ana tsallakawa ta tashi. Barakatu ta yi sujada ta gode wa Allah, ba ta bi bayan kowa ba. Ciwon ya ɗan lafa a gari, wasu suka ce don an hana ta fura ne, wasu suka ce don ruwan sama ya ja baya kogi ya kwanta. Duk da haka an sami sababbin kamu biyu a unguwar masunta, mutanen da ba su taɓa shan furarta ba. Kwalba ta uku ta je Kano, amsa ta dawo cewa ba a ga komai ba. Haladu ya faɗa mata a sanyaye, ya ƙara da cewa wannan ba ya nufin ya tafi. Ta ce ta sani, ta karɓi kwalba ta huɗu ba tare da ya roƙa ba.

Da Auta ta yi ƙwari, arba'in ta daɗe da wucewa, Hansai ta dawo ɗaukarta. Aka ɗaure kaya. Barakatu tana tsaye daga nesa tana faɗa wa Huseina abin da za a sa a wane ƙunshi. Tun dawowarta daga Kano ba ta taɓa jikanta ba. Yaron ya yi kumatu, ya fara bin mutane da ido, ita kuwa daga bakin ƙofa take yi masa wasa, tana ce masa angon da bai san amaryarsa ba.

Auta ta fito da shi a kafaɗa, ta tsaya a gabanta.

"Inna, juya."

"Me zan juya in yi?"

"Ƙafafuna ba su gama ƙwari ba. Ke za ki goya mini shi zuwa tasha."

"Auta, kin san abin da aka ce."

"Na tambayi Yaya Haladu. Hannu aka ce, da abin ci. Ba a ce baya ba."

Barakatu ta dubi Haladu, ya gyaɗa kai. Ta dubi Hansai. Hansai ta dubi Auta, matar ɗanta da ta dawo daga bakin kabari, sai ta sunkuya ta ɗauki ƙunshin kaya ta yi gaba.

Barakatu ta duƙa. Auta ta ɗora mata yaron, ta ja zane ta ɗaure mata da kanta, ta ƙara majanyi. Ɗuminsa ya ratsa bayanta. Suka fito, suka bi ta ƙofar masallaci, inda 'yan majalisa suka katse hira suka bi su da kallo. Barakatu tana tafe a hankali, hannuwanta a harɗe a ƙirji, ba ta kai su baya ta tallafe shi yadda kowace mai goyo take yi ba. Yaron ya fara zamewa kaɗan kaɗan, yana ƙananan kuka.

"Inna, tallafe shi mana, zai sulluɓe," in ji Auta daga bayanta.

Barakatu ta tsaya a tsakiyar hanya. Ta kamo gefen mayafinta ta naɗe hannun dama, ta naɗe na hagu, sannan ta kai su baya ta ɗago shi. Yaron ya yi shiru, suka ci gaba da tafiya.